Wanda Ya Rufe Keji, Shi Ya Ɗauki Nauyin Ruwa

Karatun yau: Farawa 6:17-22, 7:13-16, 8:1-19
Ayar haddacewa: Karin Magana 12:10

Yau za mu yi tunani a kan wani ƙaramin abu da ke bayan ɗaki a gidaje da yawa, wato kejin waya da muke ajiye kaji, ko tantabaru, ko zomaye, ko kanari, ko aku a ciki. Wataƙila ka ce, me ya haɗa keji da maganar Allah? To, buɗe Karin Magana 12:10 ka karanta. A wurin Sulemanu ya auna adalcin mutum da yadda yake lura da ran dabbarsa, ya kuma nuna cewa mugu ko tausayin ma ya yi, da ƙeta a ciki. Kalmar da aka yi amfani da ita a Ibrananci tana nufin sani. Adali ya san halin da dabbarsa take ciki. Ya san ko ta ci, ya san ko ta sha, ya san ko rana tana dukanta. Ashe kuwa keji yana iya ba da shaida a kan maigida fiye da yadda maƙwabta za su bayar.

Domin mu fahimci wannan aya da kyau, bari mu duba wani wuri inda ruwa da inuwa suke da tsada. A gabashin Sudan, a jihar Gadarif, kudu da birnin Gadarif, akwai wani yanki da ake kira Simsim. Da Larabci simsim shi ne riɗi, riɗi da dawa kuma su ne arzikin wurin. A ƙarshen shekarun 1960 aka buɗe manyan gonakin tarakta a can da rancen Bankin Duniya, gonakin da suka dogara ga ruwan sama kaɗai. Jihar Gadarif tana da Hausawa masu yawa. Kakanninsu waɗansu alhazai ne da suka bi ta ƙasa suka zauna a hanya, waɗansu kuma sun yi ƙaura bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗansu neman noma ya kai su. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da damina takan zama taɓo har mota ta kasa wucewa, da rani kuma ta bushe ta tsattsage. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ƙauyuka da yawa kuma suna dogara ga tafkin da aka haƙa domin tara ruwan damina, wanda suke kira hafir, ko kuwa ruwan da ake kawowa a tanki ko a kan jaki a sayar.

Yanzu ka yi tunanin kaza biyu a irin wannan wuri da tsakar rana. Ta farko a sake take. In rana ta yi zafi ta shige ƙarƙashin rumbu, ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta, ta je gindin randa ta tsinci ɗigon ruwa, ta kama fara da gara. Amma shirwa tana shawagi a kanta, muzuru yana jiranta da dare, tarakta ko mota tana iya take ta, tana kuma iya shiga shanyar maƙwabci ta jawo faɗa. Ta biyu tana cikin kejin waya. Shirwa ba ta iya ɗaukarta, ɓarawo sai ya sha wahala, kashinta yana zuba ƙasa ta ragar waya, don haka cutar da ke yaɗuwa ta wurin kashi tana raguwa. Lalle keji yana da amfani, ba kuwa zunubi ba ne mutum ya saya ko ya ƙera shi. Sai dai ka lura da abin da ya faru a ranar da aka rufe ƙofar. Kazar nan ba ta da sauran dabarar kanta. Ba za ta iya neman inuwa ba, ba za ta iya zuwa gindin randa ba. Duk abin da Allah ya ba ta na neman rai ya koma hannun wanda ya rufe ƙofar. In ya tuna da ita ta rayu, in ya manta ta mutu.

Masu ilimin dabbobi sun gaya mana abin da ya kamata mu sani. Kaza ba ta yin gumi kamar mutum. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, saboda haka in zafin gari ya matso kusa da wannan, ba ta da hanyar huce jiki sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fikafikai. In ka ga haka, roƙonka take yi. A ranar da babu zafi ma, nauyin ruwan da kaza take sha ya kai kusan ninki biyu na nauyin abincin da take ci, da bazara kuwa ya fi haka nesa. Zomo ya fi kaza rashin jimirin zafi, in zafi ya wuce digiri 30 ya fara shan wahala, ragar waya kuma tana yi masa gyambo a ƙafa in ba a sa masa katako ko tabarma ya huta a kai ba. Rufin kwano yana zubo zafi kamar tanda. Aku yana cizon waya, sabuwar waya mai farin shafi kuwa tana iya zama masa guba. Dabbar ba za ta faɗa maka waɗannan abubuwa da baki ba. Kai ne aka ce ka sani.

Akwai wani misali da ya faru a Sudan ɗin, wanda duniya ta gani. A watan Janairu na 2020 hotunan waɗansu zakuna biyar da ke cikin keji a wurin shaƙatawa na Al-Kurashi a birnin Kartum suka bazu ko'ina. Sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, saboda rashin abinci da magani a lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya taɓarɓare. Ɗaya daga cikinsu, mace, ta mutu. Wani mutum mai suna Osman Salih ya ta da murya, mutane suka kai nama da magani, daga baya aka kafa wurin ceton dabbobi a kudu da birnin. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, dabbobin wurin suka sake shiga haɗari, sai a watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Four Paws ta kwashe kusan 50 daga cikinsu. Dubi wannan abu, ɗan'uwana. Zaki manyan dawa, wanda in ya yi ruri daji yake shiru, da aka sa shi bayan ƙarfe bai iya samar wa kansa ko loma ɗaya ba. In haka ta faru da zaki, ina ga ɗan kanarin da ɗanka ya rataye a jikin bango ya tafi makaranta?

Ko ƙasashen Turai ma sai da suka sake duba wannan magana. A 1965 wani kwamiti a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell, ya ce duk dabbar da aka tsare ya kamata ta iya miƙewa tsaye, ta kwanta, ta juya, ta gyara jikinta, ta kuma miƙe gaɓoɓinta. A manyan gonakin ƙwai na Turai, filin da doka ta ba kaza ɗaya a tsohon keji santimita murabba'i 550 ne, wanda bai kai faɗin takardar A4 da ake buga wasiƙa a kanta ba. Tarayyar Turai ta yi doka a 1999, daga 1 ga Janairu 2012 kuma aka haramta irin wannan keji, aka ce sai a ƙara fili, a sa sandar hawa da wurin yin ƙwai. Sun yi bincike shekaru da yawa kafin su kai nan. Amma mai karanta Littafi Mai Tsarki ba baƙon wannan magana ba ne. Shari'ar Musa ta ba sa da jaki hutun Asabar tare da maigidansu (Fitowa 23:12). Ta hana a ɗaure bakin sa yana cikin sussuka (Maimaitawar Shari'a 25:4). Ta ce wanda ya sami sheƙar tsuntsu a hanya kada ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe (Maimaitawar Shari'a 22:6-7). Yesu da kansa ya tuna wa shugaban majami'a cewa ko ran Asabar kowa yakan kwance sansa ko jakinsa ya kai shi ya sha ruwa (Luka 13:15). Ibada ba ta zama hujjar barin dabba da ƙishirwa ba. Kada ka tafi taron farkawa na kwana uku ka bar kasko a bushe, ka dawo ka ce nufin Allah ne kajin suka mutu.

Bari mu koma karatunmu na yau, gama a nan ne zuciyar maganar take. Jirgin Nuhu shi ne wurin tsare dabbobi mafi girma da Littafi Mai Tsarki ya ba da labarinsa. Ka lura da abu uku a cikin labarin.

Na fari, kafin a rufe ƙofa sai da Allah ya umarci Nuhu ya tara kowane irin abinci, domin kansa da domin dabbobin (Farawa 6:21). Tanadi ya riga tsarewa. Allah bai shigar da rai a wurin da bai shirya masa abin rayuwa ba. Mu kuwa sau da yawa mukan sayi zomo a kasuwa don ya ba mu sha'awa, sai mun iso gida mu fara tambayar me yake ci.

Na biyu, Ubangiji ne da kansa ya rufe ƙofar jirgin (Farawa 7:16). Rufewar nan ta ceto ce. Waje mutuwa, ciki rai. Wannan yana koya mana cewa akwai tsarewa ta ƙauna, irin ta uwar da ta hana ɗanta zuwa bakin rijiya. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, don amfanin wa na rufe wannan ƙofa?

Na uku, kuma mafi daɗi, sura 8 ta fara da cewa Allah ya tuna da Nuhu, ya kuma tuna da namomin jeji da dabbobin gida da ke tare da shi. Ruwa ya yi kwana 150 yana rufe da duniya, sun yi wajen shekara guda a cikin jirgin, amma wanda ya rufe ƙofar bai manta da ko ɗaya ba. Da lokaci ya yi kuma ya ce su fito su hayayyafa. Haka Allahnmu yake. Yakan yi tanadi, ya rufe domin ceto, ya tuna, ya buɗe a kan kari. Wanda yake so a kira shi ɗan Allah, sai ya yi kama da Ubansa ko a bakin keji.

Ina fata ka gane cewa maganar ba ta tsaya kan kaji ba. Manzo Bulus ya ɗauki dokar bakin sa mai sussuka ya yi amfani da ita a kan hakkin ma'aikaci (1 Korantiyawa 9:9-10, 1 Timoti 5:18). Mu ma bari mu bi sawunsa. A yankin Simsim, riɗi ba ya jira. In ya nuna aka yi jinkiri, kwanson yakan fashe tsabar ta zube ƙasa, shi ya sa da kaka ake neman hannaye da yawa a yanke shi cikin 'yan kwanaki. 'Yan ƙwadago sukan zo daga wurare masu nisa na Sudan da kuma Habasha, su zauna a bukkoki a tsakiyar gona, nesa da gari, nesa da rijiya, nesa da asibiti. Mutum ne mai daraja, an halicce shi cikin kamannin Allah, ba dabba ba ne. Amma a waɗannan makonni ruwan shansa da garin tuwonsa da kuɗin motar komawarsa duk suna hannun mai gona. Ƙofa ce aka rufe, ko da ba a ga waya ba. Shari'a ta ce a biya matalaucin ɗan ƙwadago hakkinsa kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo (Maimaitawar Shari'a 24:14-15). Yakubu kuma ya yi kashedi cewa ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuwa yana kaiwa kunnen Ubangiji Mai Runduna (Yakubu 5:4).

Kada ka ce wannan maganar masu manyan gonaki ce a Sudan. Dubi gidanka a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi. Yarinyar da aka kawo maka daga ƙauye tana yi muku aiki, wadda ba ta san hanyar tasha ba, ba ta da ko kwabo a hannu, tana cin abin da 'ya'yanka suke ci? Tana zuwa makaranta kamar yadda ka yi wa iyayenta alkawari? Yaron shagonka da ya yi shekaru yana jiran sallama fa? Tsohuwar mahaifiyarka da ƙafa ta ƙi, wadda ba ta iya tashi ta ɗebi ruwa a randa, wa yake leƙa ta da tsakar rana? Matarka da ka hana ta sana'a, ka ba ta abin da zai ishe ta? Duk wanda ka rage masa hanyar neman na kansa, ka ɗauki nauyinsa a gaban Allah. Annabi Irmiya ya ga waɗansu masu arziki a Urushalima da suke ɗana wa mutane tarko kamar masu kamun tsuntsaye, ya kwatanta gidajensu da keji cike da tsuntsaye, gama da zamba suka cika su, ba su kuma bi wa maraya da matalauci hakkinsu ba (Irmiya 5:26-28). Allah ya tsare gidajenmu daga zama irin wannan keji.

Akwai kuma kalma domin kai da kake jin kai ne a cikin kejin. Tun da yaƙin Sudan ya fara a 2023, jihar Gadarif ta karɓi ɗimbin mutanen da suka gudu daga Kartum, da kuma daga Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara. Kafin su, tun Nuwamba 2020, 'yan gudun hijira daga Habasha sun cika sansanin Um Rakuba a wannan jiha. A ƙasashenmu ma akwai waɗanda tashin hankali ya raba da gonakinsu, akwai masu jinya da suka daɗe a kan gado, akwai 'yan kurkuku, akwai waɗanda bashi ya ɗaure. Mutumin da ya saba ci da guminsa, yau yana jiran hannun wani. In kai ne, ka ji abin da Yesu ya ce. A kasuwar zamaninsa ana sayar da 'yan tsuntsaye biyar a kan kuɗi kaɗan ƙwarai, duk da haka Allah bai manta da ko ɗayansu ba, kai kuwa ka fi tsuntsaye masu yawa daraja (Luka 12:6-7). Wanda ya tuna da jirgi a kan ruwan tsufana ya san lambar tantinka, ya san gadon da kake kwance.

Fiye da haka, akwai kejin da ya fi na waya ƙarfi, wato zunubi. Yesu ya ce mai aikata zunubi bawansa ne, wanda Ɗan ya 'yanta kuwa ya 'yantu da gaske (Yahaya 8:34-36). Shaiɗan yakan zuba tsaba har cikin tarko, in ƙofa ta rufe ba ya kawo ruwa. Yesu kuwa ya kira kansa ƙofar tumaki da makiyayi mai kyau. Wanda ya shiga ta wurinsa zai sami ceto, ya shiga ya fita ya sami makiyaya. Ɗan ƙwadagon kiwo yakan gudu in ya hangi kyarkeci, amma makiyayi na ƙwarai ya ba da ransa saboda tumakin (Yahaya 10:7-15). A kan gicciye ya ji ƙishirwa domin mu sha ruwan rai. In ba ka ba shi ranka ba tukuna, yau ƙofa a buɗe take.

To, me za mu yi da wannan magana? Ka fara da abin da ke kusa. In ka ajiye wannan takarda, je ka duba kejin gidanka. Ɗauke shi daga rana ka kai inuwa, in rufin kwano ne ka shimfiɗa masa ciyawa ko zana a sama. Wanke kasko ka zuba ruwa mai sanyi, safe da rana da yamma. Lanƙwashe bakin wayar da ke tsini. Sa katako inda zomo zai huta, da sanda inda tsuntsu zai hau. In sun yi yawa har ba sa iya juyawa, rage su, ka sayar ko ka yi kyauta. Tsuntsun daji da aka kama don wasa kawai, wanda ba ku san abincinsa ba, gara a sake shi tun yana da ƙarfin tashi. Koya wa yaranka su ba dabba ruwa kafin su karya kumallo, gama yaron da ya saba jin tausayin kanari zai ji tausayin ƙaninsa. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Gidan da ake kula da ƙaramin rai, alherinsa yakan kai har ga wanda ba a yi niyya ba. Bayan haka sai ka zauna ka lissafta mutanen da abincinsu da ruwansu da hakkinsu suke hannunka. In akwai wanda ka manta da shi, ko wanda kake riƙe da kuɗinsa, ka gyara kafin rana ta faɗi.

Abin tunani: Wane rai ne yake jiran hannuna yau, wanda ba shi da wata hanya sai ta wurina?

Addu'a: Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin mutum da dabba, mun gode maka domin ba ka manta da Nuhu da abin da ke cikin jirgi ba, ba ka kuwa manta da mu ba. Ka ba mu idon ganin ƙishirwar waɗanda ke ƙarƙashin hannunmu, da zuciyar biyan hakkinsu a kan lokaci. Ka tuna da mutanen Sudan, da manoma da 'yan ƙwadagon Simsim, da dukan waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, ka ba ƙasar salama. Ka kwance waɗanda zunubi ya ɗaure. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.